Abin da Doguwar Waya Ke Yi wa Saƙo

Daga Arlit zuwa Asamaka, zangon ƙarshe kafin iyakar Aljeriya, tafiyar kilomita wajen 200 ce. Ka ɗauka an shimfiɗa wayar jan ƙarfe tsakaninsu, ana aika saƙo bugu-bugu, wuta ta zo ta ɗauke. Da wace kama saƙon zai isa?

Kusan kowa zai ce da rauni zai isa, don haka a ƙara masa wuta. Wannan amsa ta ishe ni! Rauni ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce saƙon yana bajewa. Ayarin da ya tashi a dunƙule, in raƙumansa ba tafiyarsu ɗaya ba, a warwatse zai shiga zango, har na bayansa su cakuɗe da na gaban ayari na biyu. Kowane bugu tarin igiyoyi ne, masu saurin kaɗawa da masu nawa, waya kuma ba ta tafiyar da su daidai.

An riga an gwada ƙarin wutar, an ga ƙarshensa. A 1858 aka haɗa Ailan da Newfoundland da wayar tangaraho ta ƙarƙashin Tekun Atalantika. Gaisuwar Sarauniya Biktoriya ga Shugaba Buchanan na Amurka, kalmomi 98 kacal, ta ɗauki sa'o'i wajen 16, domin sai an jira bugu ya lafa kafin a sake wani. Masanin kimiyya William Thomson ya riga ya nuna cewa in tsawon waya ya ninka biyu, jinkirin ninkawa huɗu yake yi. Wildman Whitehouse, likitan da aka damƙa wa sha'anin lantarkin, bai yarda ba. Ya ɗura wa wayar volt wajen 2,000. Rufin wayar, wanda dama ba shi da ƙwari, ya lalace, cikin 'yan makonni ta yi shiru.

Oliver Heaviside ne ya warware ƙullin. Ya kasa waya gunduwa-gunduwa, kowace da halaye huɗu: turjiya R, yoyo G, ajiyar caji C, da maganaɗisu L. A 1887 ya nuna cewa in R bisa L ya yi daidai da G bisa C, igiyoyin duka tare za su isa, da rauni amma ba a baje ba. Daga nan aka samo naɗaɗɗun wayoyin da aka riƙa dasawa a layukan tarho bayan 1900.

Shi kansa tsawo ba da kilomita ake auna shi ba, da tsawon igiya ne. Layin da ke kai wutar kamfanin Sonichar daga Anu Araren zuwa ma'adinan yuraniyom na Arlit yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, igiyarsa kilomita 6,000 ce, saboda haka gajere ne a lissafi. Siririn layin jan ƙarfe na santimita uku a cikin wayar salularka kuwa dogo ne, domin igiyarsa gajeriya ce ƙwarai, dole mai ƙera ta ya koma ga Heaviside.

Matsalar doguwar wayar jan ƙarfe ce ta sa aikin intanet mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya bi ta Asamaka da zaren gilashi. Ko shi ma yana cin nasa rabo: a kilomita 200, in ba a ƙarfafa hasken a hanya ba, kashi ɗaya cikin 10,000 ne ke isa.