Fartanya a Kafaɗa, Sukari a Aljihu

  Shirin namu na yau na masu ciwon suga ne, da iyalan da ke kula da su.

Shawarar asibiti kowa ya haddace ta: a rage tuwo, a sha magani, a motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako. To amma manomin da ke huɗa a gonar masara tun kafin hantsi, wa zai ce masa ya motsa jiki? Kafin azahar ya cika mintocin nan har da ƙari. Hatsarin da ke gabansa shi ne sugan ya faɗi ƙasa yana tsakar gona.

Ku saurari labarin wani likita, Dakta Robert Lawrence na asibitin King's College da ke Landan. A 1920 aka gano yana da ciwon suga, yana saurayi, a zamanin da babu magani sai horon yunwa. Da ya ga alamar kwana ya ƙare, sai ya tattara ya koma birnin Florence na Italiya, don kada iyayensa su ga yadda zai ƙare. Yana can a 1923, ya rame, ko matakalar bene ba ya iya hawa sosai, sai ga saƙon waya daga abokin aikinsa Dakta Harrison: an samu insulin, yana aiki, ka dawo maza. Ya shiga mota ya keto Turai. Jama'a, mutumin nan bai bar duniya ba sai 1968! Shi ne kuma a 1926 ya wallafa binciken da ya nuna cewa idan mai ciwon suga ya yi allurar insulin sannan ya motsa jiki, sugansa na sauka fiye da yadda allurar kaɗai za ta saukar da shi. Likita ne, majinyaci ne, abin a jikinsa ya san shi.

Dalilin kuwa, tsokar da ke aiki tana zuƙar suga daga jini ko babu insulin, tamkar busasshiyar ƙasa ta samu ruwan farko. Kuma ba ta dainawa don an ajiye fartanya. Takan ci gaba da zuƙa har kwana guda ko fiye, shi ya sa wani sai cikin dare abin ke kayar da shi.

To ga Baba ya haɗiyi ƙwayarsa da asuba, bai karya ba, ya ce sai an kawo koko gona. Idan ƙwayar glibenclamide ce, wadda aka fi sani da Daonil, ko kuma allura yake yi, ya haɗa abu biyu masu saukar da suga a kan cikin da babu komai. Metformin ita kaɗai ba kasafai take yin haka ba. Don haka ku san sunan maganinku, ku tambayi ma'aikacin lafiya. Ku san sunan maganinku.

Alamomin faɗuwar suga su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, sai magana ba kan gado ko faɗa babu dalili. A nan ne abin ke sosa mini rai. Wasu za su ce iska ce ta buge shi, a tsaya tofi. Wasu kuma, saboda an tsoratar da su da zaƙi, ko an miƙa musu sukari sai su kau da kai. Baba, Inna, a wannan lokacin sukari magani ne. Babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A zauna a inuwa, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sannan a ci abinci. Wanda ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti mafi kusa.

Mai na'urar gwaji ya riƙe lambobin nan. Ƙasa da 70, ko 3.9 a wasu na'urorin, suga ya faɗi. Ƙasa da 90 kafin fita aiki, a ci wani abu tukuna. Sama da 250 ga kasala ko amai, ranar babu gona, sai asibiti. Na sake: 70, 90, 250.

Lokaci na hararar mu, bari in gaggauta. Mai allura kada ya yi ta a cinya in zai taka keke ko doguwar tafiya, ta fi saurin shiga jini. A yi ta a fatar ciki. A sha ruwa sosai. Kada a shiga gona babu takalmi, a duba tafin ƙafa kowane dare. Mata da 'yan kasuwa masu yawan zama, tattakin minti 10 zuwa 15 bayan cin tuwo yana rage hawan suga. Da azumi a guji aikin ƙarfi daf da shan ruwa, in kuma na'ura ta nuna ƙasa da 70, likitoci sun ce a karya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, sai mun sake haɗuwa.