Ina Ruwan Kwatarmu Yake Zuwa?

Duk ruwan da ya fita daga makwararar gida, na wanki ne ko na wanka ko na bayan gida, yana da inda yake tsayawa. A birnin Kano, mafi yawansa kogin Jakara yake faɗawa. Jakara tana ratsa tsohon birni, ta kwashi jini da tumbin mayankar Fagge, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, sannan ta zube a madatsar Wasai da ke Minjibir. A gaɓarta manoman rani ke jan ruwa da injin ban-ruwa suna shayar da latas da alayyahu da kabeji, waɗanda gobe za a kasa su a kasuwa. A kudancin birnin kuma, rafin Salanta ke kai ruwan majemun Sharaɗa cikin kogin Challawa.

Ƙazanta tana kashe kogi ne ta hanyar shaƙe shi. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita suna zuƙe iskar da ke cikin ruwa, sai ruwan ya yi baƙi, ya yi ɗoyi, kifi ya taso sama yana haki har ya mutu. Ga kuma kwalara da taifot da tsutsar ciki da ke biyo bayan ɗan Adam.

Maganin bai fi ƙarfin ƙaramin gari ba. A ƙasa mai zafi irin tamu, jerin tafkuna uku na iya yin aikin ba tare da wutar lantarki ba. Ruwan zai fara bi ta ragar ƙarfe mai tare leda da tsumma. Tafki na farko mai zurfi ne, kamar mita 3, inda dauɗa ke kwantawa a ƙasa ta ruɓe. Na biyu bai kai shi zurfi ba. A nan gansakuka ke samar da iska, ƙwayoyin halitta su cinye sauran ƙazantar. A na uku, wanda bai wuce mita 1 ba, hasken rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Bayan 'yan makonni ruwan zai fito ya dace da ban-ruwa, ko da yake ba na sha ba ne.

Sai dai matatar da aka gina aka watsar ta fi rashinta illa, domin ta tara ƙazantar gari duka ta zuba a bakin kogi guda. Dole a riƙa yashe taɓon da ke taruwa. Haka kuma tafki ba ya kawar da sinadarin kuromiyam na jimar fata, don haka kowace masana'anta ta tace nata ruwan tun a harabarta.

Garuruwan da ke bunƙasa yanzu suna da damar da Kano ta yi sakaci da ita. Misali, a arewacin Jamhuriyar Benin, garin Parakou na shan ruwan madatsar kogin Okpara, ƙoramun yankin Djougou kuma suna cikin masu ciyar da kogin Ouémé. Don kare irin waɗannan koguna, hukumomi su keɓe filin matata tun kafin gidaje su cinye shi, masu motocin kwasar masai kuma a daina barinsu suna juyewa a rafi.