Ƙwaron wake a ɗakin gwaji

Yaron da ya tashi a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji ya san dabba tun kafin ya san alli. Ya yi kiwon jar akuyar Maradi, ya kama fara, ya ga murzuna ta cinye zangarniyar hatsi. Amma in ya shiga jami'a, musamman idan ba kimiyya ce sana'ar da ya nufa ba, darasin ilimin dabbobi yakan tarbe shi da sunayen Latin da zanen kwaɗo a allo. Ya haddace, ya ci jarrabawa, ya manta.

Wannan ɗalibi gobe malamin makaranta ne, ko akawu, ko magajin gari. Ba fiɗar kwaɗo zai yi ba. Abin da zai amfane shi shi ne iya lura, da ƙirga, da gwada magana kafin ya yarda da ita.

A ba shi kwalba biyu da waken da ƙwaro ya fara taɓawa. Ɗaya a toshe ta ruf, ɗaya a ɗaure mata baki da ƙyalle. Kowane mako ya ƙirga ƙwarin da ramukan, ya rubuta. Bayan wata biyu zai ga waken ƙyalle ya fara komawa gari, na toshe kuwa ƙwarinsa sun mutu don iska ta ƙare musu. Da hannunsa ya gano sirrin buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a ƙasashenmu tun 2007. Kuɗin gwajin bai kai na kati ɗaya na waya ba.

Murzuna ma malama ce. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna, nan kusa da Maradi, suna kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ke harbin tsutsar ya shanye mata jiki, ya zuba ƙwai a kanta, ƴaƴansa su cinye ta. A ƙananan buhunan algarara ake kai shi gonaki. Ɗalibin da ya kalli wannan ta gilashin ƙara girma, ba sai an yi masa dogon bayani a kan illar feshi barkatai ba, tunda maganin ba ya bambanta ɓarawo da mai gadi.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi tana da INRAN a maƙwabtaka, ga Gulbin Maradi da tabkunan damina. A ɗebo katantanwar ruwa da safar hannu, a nuna yadda tsargiya ke bi ta jikinta kafin ta shiga yaro mai wanka. Maki kuma a ɗora rabinsa a kan littafin da ɗalibi ya rubuta abin da idonsa ya gani.