Daga Abzin zuwa Bilma a ƙafa: ayarin gishirin da har yanzu ke ratsa Tenere

Da zarar damina ta ɗauke, wajejen watan Oktoba, mutanen ƙauyukan duwatsun Abzin irin su Timiya da gindin Bagzan kan fara yankan ciyawa suna ɗaurewa dami-dami. Shirin tafiyar Bilma ke nan, wadda Abzinawa ke kira taglam. Daga Agadas zuwa Bilma kusan kilomita 600 ne, kuma mafi yawan hanyar ana yin ta ne a ƙafa, mutum yana riƙe da akalar raƙumi, domin bayan dabbar ba na hawa ba ne, na kaya ne.

Kashin farko na tafiyar cikin duwatsu ake yin sa. Abzin ƙasar kwazazzabai ce da baƙaƙen duwatsu masu yanka takalmi, kuma a nan ne dutse mafi tsawo a Nijar yake, Idukal-n-Tagas da ke kan tudun Bagzan, mai mita 2,022. Wannan kashin yana gajiyar da gwiwa, amma akwai rijiyoyi, akwai inuwa, akwai lambunan Timiya masu lemu da rumman. Wahalar gaske tana farawa ne ranar da duwatsun suka koma bayan matafiyi, gabansa ba komai sai rairayi.

A cikin Tenere babu kiwo. Shi ya sa kowane raƙumi ke fita da abincinsa a bayansa, tare da gero da salkunan ruwa da itacen girki. Ana ajiye wasu damunan ciyawar a kan hanya don dawowa, kuma al'ada ta hana wani ayari taɓa ajiyar wani. Lissafin a nan mai tsauri ne: kowace rana da aka ƙara cikin hamada, ciyawa da ruwa ne ke raguwa. Don haka ayari ba ya yada zango da rana. Akan tashi da safe a yi ta tafiya har tsakar dare, awa 16 ko fiye, ba tare da an durƙusar da raƙuma ba. Ana dafa shayi a ɗan murhun hannu ana tafiya, yaro yana zagayawa da shi daga wannan layi zuwa wancan. Abincin rana kuwa wata irin fura ce ta gero da dabino da cukun akuya, a dama da ruwa a sha a tsaye.

Mai faɗa a ji shi ne madugu, sunan da Abzinawa ma ke amfani da shi kamar yadda Hausawa ke yi. Shi ke gaba, yana duban rana da inuwa da yadda tuddan rairayi suka kwanta, da dare kuma taurari. Kuskure kaɗan a alkibla ya isa a wuce rijiya ba a gan ta ba, domin rijiyar Tenere rami ce kawai a tsakiyar fili. Masu bin hanyar kudu kan sha ruwa a rijiyar Bishiyar Tenere sannan su nufi Fashi, masu bin ta arewa kuma su bi ta dutsen Adrar Madet da rijiyar Ashegur kafin su faɗa Kawar. Ita bishiyar ta asali ba ta nan. Wata babbar mota ce ta buge ta a 1973, aka kai gangar jikinta gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa ta ƙarfe a madadinta.

Wanda bai san hamada ba zafi kawai yake tsoro. Amma a watannin Disamba da Janairu ɗarin dare kan sauko kusa da sifili, ga iskar hunturu daga arewa maso gabas tana bugun fuska kai tsaye ga mai tafiya Bilma. In ta taso da ƙura, rana kan ɓace, taurari su ɓace, sawun ayarin gaba ya shafe cikin ɗan lokaci. Leɓe da dugadugai su tsattsage. Duk da haka wannan ne lokacin da aka zaɓa, domin a bazara zafi kan haura digiri 45, kuma ruwan da mutum zai buƙata ya fi abin da raƙumi zai iya ɗauka.

A Fashi da Bilma, Barebarin da ke aikin gishiri kan karɓi gero su ba da dabino da gishiri iri biyu: beza na miya, da kantu na dabbobi, wanda ake zubawa cikin kututturen dabino da aka fafe har ya daskare. Zuwa da dawowa kan ci wata guda da ƴan kwanaki. Bayan ɗan hutu a Abzin sai a gangaro kudu, ta Damargu zuwa kasuwannin Damagaram da Maraɗi, wasu har Kano. Kantun da makiyayi ke saya wa shanunsa a Dakwaro ko Tanut, ta wannan hanya aka saba kawo shi tun kaka da kakanni. Rahotannin zamanin mulkin mallaka sun ambaci ayarin raƙuma 20,000 a shekarar 1906. Yau manyan motoci sun kwashe kaso mai yawa na cinikin, ayarin ya koma ƙanana.

Akwai lokacin da Turawa ƴan yawon buɗe ido ke biyan kuɗi mai yawa don su goya jaka su bi wannan hanya, ko su hau Bagzan da jakuna. Hukumar UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Tawayen 2007 da sace ma'aikatan kamfanin uraniyom a Arlit a 2010 suka kashe wannan kasuwa, ƴan jagora da direbobi da dama suka koma jigilar baƙin haure ko haƙar zinariya a Jado.

Masu tafiyar ƙasa a hamada yanzu yawancinsu ba da niyya suke yi ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara ƴan yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace suka watsu neman ruwa. Waɗanda Aljeriya ke korowa kuma akan sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 zuwa Asamaka. Tazarar ba ta kai rabin abin da ayarin gishiri ke ci a wuni guda ba, amma ana yin ta babu salka, babu madugu, sau da yawa cikin duhun dare ko tsakiyar bazara, kuma ƙungiyoyin agaji da ke sintiri a wurin na ci gaba da tsintar waɗanda suka kauce hanya.