Wa Ya Ci Ribar Ruwan Tiga?

Duk lokacin da gwamnati ta tashi ba da rahoton aikin da ta yi wa wani yanki, lissafin kusan iri ɗaya ne: biliyan kaza aka kashe, magudanar ruwa kilomita kaza aka gina, hekta kaza aka share, sai hoton ranar buɗewa. Ba ƙarya aka yi ba, amma ba a amsa tambayar da aka ciyo bashi dominta ba. Ai ba don a ce akwai madatsa ake gina madatsa ba. Ana gina ta ne don hatsi ya ƙaru a rumbu, kuɗi ya shiga aljihu, samari su rage tafiya ci-rani. Auna aiki shi ne a gano ko hakan ta samu, a hannun wa ta samu, kuma nawa ta ci.

Ƙidaya abin da aka zuba da abin da aka gina ba wuya, takardun ɗan kwangila sun isa. Wuyar tana wajen gano abin da ya canza a rayuwar mutane, don wannan sai an taka gona, an shiga kasuwa, an kuma jira shekaru. Shi ya sa rahotanni suka fi son tsayawa a siminti.

Aikin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi, a ƙasar Marte ta jihar Borno, ya isa misali. An tsara shi a shekarun 1970 don ya shayar da hekta 67,000 na alkama da shinkafa, aka haƙa doguwar magudana daga bakin tafki, aka kafa manyan injinan jan ruwa. In da gini ake dubawa, an yi aiki. Sai dai an ɗora lissafin ne a kan cikar da tafkin ya yi a shekarun ruwa na 1960. Da fari ya tsananta a shekarun 1980, tafki ya ja da baya ya bar bakin magudanar a bushe. Gonar da aka taɓa shayarwa ba ta kai ko kusa da abin da aka rubuta a takarda ba.

Wannan gazawa ce da kowa ke gani da ido. Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce ta aikin da ya yi nasara a inda aka ajiye shi. An kammala madatsar Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ce kuma ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Wanda ya ga yadda ake lodin tumatir a Kwanar Gafan, ko ya ji rurin injinan casar shinkafa a Kura, ba zai ce ruwan Tiga bai yi amfani ba. Ya yi, ya kuma tayar da garuruwa. To amma ruwan nan da aka tare yana da masu shi tun kafin a tare shi. A da, idan damina ta yi nisa, kogin Haɗeja yakan yi ambaliya ya malale fadamun Haɗeja da Nguru har zuwa Gashuwa. Da wannan ambaliya ake noman shinkafa, idan ruwa ya janye a shuka wake da sauran amfani a danshin da ya bari, masunta su kama kifi, Fulani su sami makiyaya da rani, rijiyoyi su cika. Tiga, da madatsar Challawa da ta biyo baya a 1992, sun rage wannan ambaliya, suka kuma mayar da kogin mai gudana rani da damina. Ruwan da ba ya yankewa shi ne abin da ciyawar kacala ke so, ta kuwa toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi.

A farkon shekarun 1990 wasu masana, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka yi lissafin da ba a yi ba tun farko. Maimakon su tambayi abin da hekta guda ke bayarwa, sai suka tambayi abin da ruwan kansa ke bayarwa, tunda a wannan ƙasa ruwa ne ya yi ƙaranci, ba fili ba. Suka haɗa noma da kifi da itacen girki na fadama, suka gwada da amfanin aikin noman rani na kogin Kano, sai ga shi kowane ma'aunin ruwa ya fi kawo amfani a fadama nesa ba kusa ba. Ba cewa suka yi a rushe Tiga ba. Abin da ya fito fili shi ne, littafin da aka rubuta ribar Kura a ciki ba shi da shafin asarar Nguru. Ɗan kasuwar da ke rubuta ciniki ba ya rubuta bashin da ke kansa, kullum mai riba ne a takarda.

Haka aka yi a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, inda kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsa a kan kogin Sakkwato a 1978. Binciken da Adams ya yi a ƙauyukan da ke ƙasan madatsar ya nuna manoma sun koma shuka gero da dawa inda a da suke shinkafa, kifi kuma ya ragu. Ga kuma waɗanda ruwa ya ci gonakinsu da gidajensu. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa manoman da suka tare hanya suna neman diyya, aka rasa rayuka, har yau kuma ana jayayya a kan adadinsu. Babu ma'aunin hekta da zai nuna wannan.

Akwai wata tambayar da ta fi kowacce takura mai awo: da ba a yi aikin ba, me zai faru? Idan masu aikin yi sun ƙaru a wani gari bayan an kafa rukunin masana'antu, wataƙila aikin ne, wataƙila kuma farashi ne ya yi kyau a ƙasa baki ɗaya, ko kuwa masu injin niƙa ne kawai suka taso daga garin maƙwabta don cin rangwamen haraji. In haka ne, ba a samar da aiki ko ɗaya ba, wuri aka sauya masa. Maganin wannan shi ne a nemo yanki mai kama da wanda aka yi wa aiki, amma shi ba a yi masa ba, a bi su tare. Haka Patrick Kline da Enrico Moretti suka yi a 2014 da hukumar raya kwarin kogin Tenesi da Amurka ta kafa a 1933. Sun gwada yankin da wasu yankunan da aka so kafa musu irin wannan hukuma majalisa ba ta amince ba. Suka tarar ayyukan gona da suka ƙaru sun koma yadda suke bayan an janye tallafi, na masana'antu kuwa suka ci gaba da ƙaruwa shekaru da dama. Da an yi awon lokacin da tallafi ke gudana, da an yaba wa duka biyun daidai.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai an san yadda mutane suke kafin a sa harsashi: buhu nawa manomi ke samu, wata nawa hatsinsa ke kai shi, gida nawa ke da ɗan ci-rani. Kuma hukumar da ta kashe kuɗin ba ita ya kamata ta ba kanta maki ba. Hukumar raya yankin Neja Delta, wadda aka kafa a 2000, ta shekara kusan ashirin tana ba da rahotanni kafin binciken ƙwaƙwaf da aka miƙa wa gwamnatin tarayya a 2021 ya ƙirga ayyuka sama da 13,000 da aka yi watsi da su ko aka yi musu aikin ha'inci, bayan kuɗin da aka ce ya kai naira tiriliyan 6 ya bi ta hannunta. Wannan ma ƙidayar gine-gine ce kawai, ba a ko kai ga maganar ko masuncin yankin ya ga canji ba.

Yanzu arewa na da irin waɗannan hukumomi nata: ta Arewa Maso Gabas da aka yi wa doka a 2017, da ta Arewa Maso Yamma a 2024. Tun 2014 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 500 don gyara Bakolori da Kadawa da kwarin Haɗeja, bashi ne da za a biya daga asusun kowa, har da masuncin Nguru. Idan rahotanninsu suka fito, ɗan majalisa da ɗan jarida da ƙungiyar manoma na da abin tambaya: hekta nawa aka noma bana, ba nawa aka share ba, ruwa na kaiwa gonar da ke ƙarshen magudana, ko na kusa da baki ne ke shanyewa, wa ke riƙe da filayen yanzu, masu su na asali ko manyan gari, kuma me mutanen da ke ƙasan kogi suka girba a shekarar.