Keke mai batir na hawan duwatsu: a dubi firam kafin a yi ciniki

Duk wanda ya tsaya gaban keke mai batir na hawan duwatsu, tambayarsa ta farko ita ce kilomita nawa yake yi kafin caji ya ƙare. Ba laifi. To amma ko keke zai bi hannun mai shi ko zai yi masa gardama, wannan daga ƙirar firam yake, wato tsawon bututan ƙarfensa da yadda aka karkata su.

Domin gangaren duwatsu aka ƙera irin wannan keke. Kamfanin Haibike na Jamus ya fito da nasa a 2010, Specialized na Amurka ya biyo da Turbo Levo a 2015, kuma tun daga lokacin firam sai ƙara tsawo yake yi.

A fara da wuyan keke, inda fok ke shiga. A keken tsere na kan kwalta wuyan yana tsaye, wajen digiri 73. A na duwatsu na yanzu an kwantar da shi zuwa 64 ko 65, don haka tayar gaba ta yi gaba sosai. A gangara, ko in an faɗa rami da gudu, keken ba ya saurin kifar da mutum ta ka. Amma fa a shiga da shi cunkoson kasuwar Ƙonni ko ta Ɗan Isa ran Laraba ko wata ranar cin kasuwa, ana tafiya sannu tsakanin amalanke da masu talla, nan za a ji kan keken yana faɗawa gefe da kansa, kwana kuma sai an ba ta fili. Tazarar tayoyin biyu ta kan wuce santimita 120.

Sai baya. Injin Bosch ko Shimano yana zaune tsakiya wajen feda, ya ci wuri, shi ya sa daga feda zuwa tayar baya ake samun santimita 44 zuwa 46. Wannan tsawo ke hana gaba ɗagawa idan inji ya tura a hawa. Batir kuma an ɓoye shi ƙasa cikin bututu, har keke mai kilo 23 ko 25 ya zauna daram. Ladan ke nan. La'adarsa, feda ta kusanci ƙasa, ta kan bugi dutse ko bakin kwalbati.

A ganina inda ƴan kasuwa za su fi yin kuskure shi ne kaya. An auna keken ne da nauyin mutum guda a tsakiya. Aka ɗaura kariya aka aza buhun gero ko jarkoki bayan sirdi, tayar gaba ta rasa nauyi, cikin rairayi sai ta riƙa zamewa. Masu shoka a baya ma galibi ba su da wurin ɗaura kariyar.

Mai saro na hannu daga Turai ya dubi harafin girma da ke jikin firam, S, M ko L. Sirdi ana ɗaga shi ko a sauke. Firam ɗin da ya yi wa mai saye tsawo kuwa, bakanike ba zai rage shi ba.