Taurarin Gobe Suna Filin Bayan Makaranta, Amma Wa Ke Ƙirga Wasanninsu?

Duk ranar Asabar da Lahadi, da an idar da sallar La'asar, matasan Birnin Kudu kan rabu gida biyu. Kaso mafi yawa yakan nufi gidajen kallo, inda janareta ke ruri ana jiran Arsenal ko Barcelona su fito. Kaso na biyu, wanda bai kai na farko yawa ba, yakan bi lungu ya ɓulle filin makarantar firamare, inda aka ja layi da toka, aka kafa itace biyu aka ɗaura igiya a sama ta zama raga. Haka abin yake a Gwaram da Sara da Basirka. A wannan makon mun bi kaso na biyu.

A kowane irin wannan fili akwai yaro guda da ake zuwa kallo saboda shi. Kun san shi, wataƙila ma ajinku ɗaya. Bai wuce shekara 15 ba, amma in ya karɓi ƙwallo sai fili ya ɗauki ihu. Ranar Laraba ya buga wa ajinsu, Alhamis ya buga wa unguwarsu, Juma'a da yamma a ɗauke shi a babur zuwa wani ƙauye da suka aro shi, Asabar da Lahadi kuma ga gasar kofin da wani mai hali ya sa. Wasa biyar ke nan a mako guda, a kan ƙasar da hunturu ya busar ta yi tauri kamar daɓe. Kowa na lissafin ƙwallayen da ya zura. Ba mu ga mai lissafin wasannin da ya buga ba.

Wannan ne ya sa muka leƙa wata ƙasa mai nisa, inda masu bin ƙananan wasanni suka daɗe da gane cewa lissafi na biyun ya fi na farko muhimmanci.

Wasan kulki da jifa

A Amurka akwai wasan da ake kira besbol. Mutum ɗaya ne ke tsayawa a kan ɗan tudu ya jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani kuma na tsaye da kulki a tazarar mita 18 da 'yan kai yana ƙoƙarin maka ta. Gwanayen masu jifa kan sa ƙwallon ta yi gudun kilomita 150 zuwa 160 a awa guda. Mai kulki ba shi da ko rabin daƙiƙa na yanke shawarar ya kai duka ko ya ƙyale. Shi ya sa mai jifa ne ƙashin bayan kowace ƙungiya.

Babbar gasarsu tana da ƙungiyoyi 30. Abin da ya ja hankalinmu shi ne abin da ke ƙarƙashinta. Kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu da ke renon 'yan wasanta, jimilla 120 tun daga shekarar 2021, a matakai huɗu kamar ajin makaranta. Yawancinsu a ƙananan garuruwa suke, suna buga wasa sama da 130 a kaka guda, suna tafiye-tafiye a bas. Yaron da aka ɗauka daga sakandare yakan fara daga ƙasa, sai ya nuna ya ƙware a mataki ɗaya kafin a ciyar da shi gaba. Mafi yawan waɗanda ake ɗauka ba sa taɓa kaiwa babbar gasar.

Akwai 'yan kallon da waɗannan ƙananan wasanni ne abincinsu. Sukan je fili da takarda da fensir, suna rubuta kowace jifa: nawa ta tafi daidai, nawa ta kauce, a jifa ta nawa yaron ya fara gajiya. Masu farautar 'yan wasa kuma suna ba kowace baiwa maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan babbar gasa. Ba sa yanke hukunci da wasa ɗaya.

Hannu ba inji ba ne

Dalilin wannan ƙididdiga shi ne gwiwar hannu. Akwai wata 'yar jijiya da ke riƙe da ita ta gefen ciki, kuma duk jifa mai ƙarfi tana jan ta. In aka yawaita ba hutu, sai ta tsinke. A da, duk wanda tasa ta tsinke ya gama wasa ke nan. A 1974 wani likita mai suna Frank Jobe ya ciro jijiya daga hannun daman wani mai jifa da hagu, Tommy John, ya dasa masa a gwiwar hagun. Tommy John bai buga wasa ba a duk 1975, ya dawo a 1976, ya ci gaba har 1989. Har yau da sunansa ake kiran wannan tiyata, kuma wanda aka yi wa yakan shafe shekara guda ko fiye kafin ya dawo.

Da aka ga har yaran sakandare sun fara zuwa a yi musu irin wannan aiki, sai babbar ƙungiyar wasan yara ta ƙasar ta kafa doka a 2007. Ɗan shekara 11 ko 12 ba zai wuce jifa 85 a rana ba, ɗan 13 zuwa 16 kuma 95. Yaron da bai wuce shekara 14 ba, in ya yi jifa 66 ko fiye, dole ya huta kwana huɗu cur. Ko wasan ƙarshe ake yi, ko shi kaɗai ne gwani, in lissafi ya cika sai a canza shi.

Wani lokacin ma ba a fili ake rasa hannun ba. A 1991 ƙungiyar Yankees ta birnin New York ta ɗauki wani ɗan sakandare, Brien Taylor, a matsayin na ɗaya a duk ƙasar, ta biya shi dala miliyan ɗaya da dubu 550. A ƙarshen 1993, yana gab da kaiwa sama, ya shiga wani faɗa ya ji mummunan ciwo a kafaɗa. Bai taɓa buga ko wasa ɗaya a babbar gasar ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda wasan unguwa ke rikiɗewa ya koma dambe saboda fenariti, ya san wannan labari bai yi mana nisa ba.

Namu tsanin

Mu ma muna da matakai. A sama akwai gasar Firimiya ta Najeriya mai ƙungiyoyi 20, ƙarƙashinta gasar NNL, sai NLO, sannan gasannin jiha da na ƙananan hukumomi, har zuwa filin toka na bayan makaranta. Ƙungiyar jiharmu, Jigawa Golden Stars, ta ɗanɗana hawa da sauka a wannan tsani: ta buga Firimiya, ta kuma faɗo a 2021. Amma a cikinmu mutum nawa ne zai iya lissafa 'yan wasanta biyar? Da yawanmu mun san wanda ke zaman benci a Chelsea, ba mu san golan ƙungiyar garinmu ba.

Ku dubi Ahmed Musa. An haife shi a Jos a 1992, ya fara a wata makarantar horar da 'yan ƙwallo ta garin, ya buga wa JUTH, sannan ya zo Kano Pillars inda ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010. Da ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta neme shi, sai da aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010, domin dokar FIFA ta hana sayar da yaron da bai kai haka ba zuwa wata ƙasa, in ban da a wasu 'yan yanayi. Daga nan ya tafi CSKA ta Mosko, sai Leicester ta Ingila. Ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya zura wa Aisland biyu a 2018. Waɗanda suka kalle shi a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata sun riga duniya ganinsa da shekara huɗu.

A besbol ma an yi ɗan Afirka mai irin wannan haƙuri. Gift Ngoepe, ɗan Afirka ta Kudu, ya sa hannu da ƙungiyar Pirates a 2008, ya yi ta fama a ƙananan gasanni har zuwa Afrilun 2017, lokacin da ya zama na farko da aka haifa a nahiyarmu da ya buga babbar gasar.

Gwiwa da idon sawu

Abin da gwiwar hannu take ga mai jifa, shi ne gwiwa da idon sawu ga ɗan ƙwallon ƙafa. Ƙashin yaro mai tasowa bai gama ƙwari ba. A bakin kowane dogon ƙashi akwai wani sashe mai taushi kamar guringuntsi, ta nan tsawo ke ƙaruwa, kuma bai cika rufewa ba sai wajen ƙarshen shekarun samartaka. Yawan gudu da tsalle a ƙasa mai tauri yakan sa ƙasan ƙoƙon gwiwa ya kumbura ya riƙa ciwo, ko kuma dunduniya. Maganinsa na farko hutu ne.

Mu kuwa sau da yawa me muke yi? Yaro ya yi targaɗe ranar Alhamis, a ja ƙafar, a shafa man zafi, a ɗaure da tsumma, Asabar a ce ya daure ya shiga don kada a fitar da unguwa daga gasa. Mafi muni shi ne a miƙa masa ƙwayar kashe ciwo irin su tiramol. Ƙwaya ba ta warkar da jijiya, tana dai rufe bakin ciwon ne har ɓarnar ta yi nisa, ta kuma bar yaro da jarabar da ta fi targaɗen wahalar rabuwa. Ciwon da ya hana taka ƙafa, ko kumburin da ya ƙi sacewa bayan 'yan kwanaki, na asibiti ne. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a nan Birnin Kudu, ba sai an je Kano ba.

Littafin ɗan kallo

Ga abin da muke so ku gwada a wannan zangon karatu. Ku ware tsohon littafin rubutu guda, ku zaɓi 'yan wasa biyu ko uku a makarantarku ko unguwarku. Duk wasa ku rubuta kwanan wata, da mintin da kowanne ya buga, da kwana nawa ya huta tun wasansa na baya. Sannan ku lura da abin da ihu ke ɓoyewa. In an ƙwace masa ƙwallo, yana komawa ya nema ko yana tsayawa ya riƙe ƙugu? Yana ɗaga kai kafin ya ba da fasin? Yana iya amfani da ƙafarsa ta biyu? In gola ne, ku ƙirga ƙwallayen da ya cafe da waɗanda ya amayar, ku kuma saurara ko yana yi wa 'yan bayansa magana.

Bayan wasa goma, littafin zai gaya muku abin da ido bai gani ba. Sau da yawa za ku tarar mai yawan yanka ba shi ne ya fi amfani ba, wani shiru-shiru ne a tsakiya da ƙwallo ba ta ɓata a ƙafarsa. In kuma kuka ga abokinku ya buga wasa huɗu a kwana shida, ku nuna wa malamin wasanni ko kocinsu. Rubutu ya fi gardama ƙarfi.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gaskiya ne, amma sai an bar Alhamis ta wuce lafiya. A wannan tsakanin ne dillalan ƙarya ke zuwa, su ce a kawo kuɗin fasfo da biza za su kai yaro Turai, iyaye su sayar da akuya ko su jinginar da gona. A nan ne kuma ake ba yaro shawarar ya rage shekaru, alhali tun 2009 FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 don gano masu yin haka. A nan ne wasu ke watsar da aji ana saura wata uku a fara WAEC da NECO. Tsani ƙunci yake yi a sama, a Amurka da nan duka, kuma wanda ƙwallo ta ƙi shi, takardar sakandare ce za ta karɓe shi.

Saboda haka ranar Asabar mai zuwa, kafin ku biya kuɗin gidan kallo, ku biya ta filin bayan makaranta da littafi da biro. Wanda ya cika shafinsa ya kawo mana ta hannun malamin Hausa na makarantarsu, za mu buga waɗanda suka fi tsari a wannan shafi.